Sandar Da Na Yanke A 1981

Wannan makon ni aka ba dama. Na daɗe ina ja da baya kafin in yarda in rubuta wannan labari, domin ni ne mai laifi a cikinsa. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

A daminar bara, cikin watan Agusta, rufin ɗakin marigayi Babanmu a Hayin Dogo ya fara yoyo. Tun da aka raba gado bayan rasuwarsa a 2017, akwatin ƙarfensa kaɗai ya rage a ƙarƙashin gado, saboda kowa ya san babu komai a ciki sai takardu, aka ce a bar wa Inna. Ranar da ruwa ya shiga ɗakin, Inna ta aiko jikanta ya kira ni daga makaranta. Ni ne ɗan fari, don haka har yau ba ta faɗin sunana. Cewa ta yi, "Kai, zo ka fitar da takardun babanku kafin su zama kunu."

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na fara fitarwa ɗaya bayan ɗaya. Takardun fansho, katin shaidar aikinsa na Reluwe, rasit ɗin keken Raleigh da ya saya tun ana lissafi da fam da sule, da wasu kwabbai masu huji a cikin gwangwanin sigari. A can ƙasa na taɓo wani ƙulli na farin tsumma. Da na kwance, abu biyu ne a ciki: hoto baƙi da fari, da wani lanƙwasasshen katako wanda bai fi kamu ɗaya ba, gefe ɗaya a shafe, ɗaya gefen a zagaye, ga sawun zarto a inda aka yanke shi. Wallahi ina ganin katakon nan gabana ya faɗi. Na san wanda ya yanke shi.

Bari in fara da hoton. Mutum goma sha ɗaya ne, shida a tsaye, biyar a gaba. Kowa da gajeren wando da riga mai kala biyu, rabi fari rabi duhu. Wasu da takalmin kambas, biyu ƙafarsu a ƙasa. A gabansu an gicciya sanduna biyu masu lanƙwasasshen kai, irin na ƙwallon gora, wato hoki. Na tsakiya a sahun gaba yana zaune a kan benci, ya riƙe farar ƙwallo a gwiwarsa, yana murmushi da gefen baki. A bayansa daidai, wani siririn saurayi ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Na ɗauki lokaci kafin in yarda cewa siririn nan Baba ne. Ban taɓa ganinsa babu gemu ba, ban kuma taɓa ganin ƙwaurinsa ba. A bayan hoton akwai hatimin wani mai hoto na Sabon Gari, da shekara, 1965, sai sunaye da aka jera da fensir waɗanda danshi ya cinye, ba a iya karanta ko ɗaya.

Sai katakon. A 1981 ina ɗan shekara tara, muna haya a Sabon Gari ba nisa da tashar jirgi. Baba fita ne, yana gyaran tarago a Loko. A bayan ƙofar ɗakinsa akwai wata sanda a jingine, tun da na yi wayo nake ganinta. Ba a dogarawa da ita, ba a korar akuya da ita, lokaci-lokaci dai Baba yakan shafa mata mai ya mayar. A lokacin gare-gare ake yayi a layinmu, na samu tsohon wilin keke amma ba ni da sandar kirki. Wata rana Baba na wurin aiki, Inna ta shiga maƙwabta barka, na ɗauko zarton ƙarfe a akwatin kayan aikinsa na yanke lanƙwasar na jefar gindin randa, na fita da miƙaƙƙiyar sandata ina taƙama.

Da yamma Baba ya dawo da kayan aiki duk baƙin mai. Ya ga kan sandar a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka, ya goge shi da hannun rigarsa. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce ni ne. Na riga na shirya wa duka. Bai taɓa ni ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ba tawa ba ce." Ya shiga ɗaki, ko tuwo bai ci ba ranar. Ita kuwa sandar gare-garen, kafin sati ya zagayo na ɓatar da ita a bakin kwata. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ni ma tsoro da kunya ba su bar ni na tambaya ba. Shekara talatin da shida muna tare bayan wannan rana.

Na kai wa Inna hoton. Ta duba, ta kau da kai, ta ce ita a 1970 aka kawo ta gidan, a nan ta tarar da sandar. "Je ka tambayi Kawunka. Tare suka yi haukansu."

Kafin in samu zuwa, na ɗauki hoton da waya na tura zauren WhatsApp na gidanmu. 'Yan mata suka yi ta dariyar wandon Baba. Autanmu, wanda yake aiki a Toronto ta Kanada, shi ne ya kira ni cikin dare. Ya ce, "Yaya, ashe Baba ɗan hoki ne? Ka san a nan ƙasar hoki kamar addini ne?" Nasu na ƙanƙara ne. Mutum shida-shida ne a fili, suna sulɓi a kan takalmi mai wuƙa a ƙasa, kuma maimakon ƙwallo wani baƙin faifan roba mai tauri suke bugawa. Ya ce a wurin aikinsu akwai wani dattijo da ya lulluɓe bangon ofishinsa da tsofaffin hotunan wasan, kullum maganarsa ɗaya: hoki ya mutu tun 1967. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kacal a babbar gasarsu ta NHL: Montreal Canadiens, Toronto Maple Leafs, Boston Bruins, Detroit Red Wings, Chicago Black Hawks da New York Rangers. A 1967 aka ninka su zuwa goma sha biyu, yau sun kai 32. Kuma a shekarar 1967 ɗin ce ƙungiyar Toronto ta ɗauki kofin Stanley na ƙarshe, har yau ba ta sake ba. To ka ga dalilin dattijo. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba.

A ƙarshen makon Auta ya je gidan tarihin wasan da ke Toronto, ya yi ta turo min hotuna har wayata ta cika. Na zauna ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firji da wadda takan faɗo da ruwan farkon damina. Ga maza gashi a kwance da mai, kai babu hular kwano, suna dariya da wawulo. Ga 'yan kallo cikin kwat da malafa kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ga wani shahararren hoto na 10 ga Mayu 1970, Bobby Orr na Boston a miƙe a sama kamar shirwa, hannuwa a buɗe, daidai lokacin da ya ci ƙwallon da ta ba su kofi, ƙafarsa ta harɗe da sandar abokin hamayya. Ga Jacques Plante, mai tsaron ragar Montreal, fuska jina-jina yana saka wani abin rufe fuska. Ranar 1 ga Nuwamba 1959 ce a New York, faifan ya tsaga masa fuska, aka yi masa ɗinki, ya ce ba zai koma fili ba sai da abin kariyar nan. Kafin ranar, masu tsaron raga da fuskarsu tsirara suke tarar abin da yake zuwa kamar harsashi.

Sai Auta ya turo wanda ya sa na miƙe zaune. Wani ƙaƙƙarfan baƙin saurayi cikin rigar Buffalo Sabres. Ya rubuta a ƙasa: "Yaya, ɗan Zariya ne." Sunansa Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, iyayensa suka tafi da shi Kanada yana ƙarami, ya tashi a wani gari mai suna Hearst a lardin Ontario. Buffalo ta zaɓe shi a 1994, ya buga wa New York Rangers da Atlanta Thrashers ma, wasa 69 gaba ɗaya a NHL. Shi ne mutum na farko haifaffen Najeriya da ya taka wannan gasa. Mu a Samaru Masai Ujiri muka sani, wanda ya tashi a garin nan, ya jagoranci Toronto Raptors har ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na NBA a 2019. Ashe a ɗakin wasan da Raptors ke wasa, nan ne Maple Leafs ma ke nasu, kuma ashe akwai wani ɗan garinmu da ya riga shi suna a can, a kan ƙanƙara. Na tambayi malaman makarantarmu goma, babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Ranar Asabar na hau ɗan sahu zuwa Kwangila, na sake wani zuwa Muciya wurin Kawu. Yayan Inna ne, ya haura tamanin, yana ta fama da yanar ido, sai dai ya gane mutum da murya. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, wani hoto na kawo muku, na 1965." Ya miƙo hannu, ya shafa gefen hoton da yatsa, ya kai shi dab da ido, ya girgiza kai. Ya ce, "Ba na gani, ɗan nan. Faɗa min abin da ke ciki." Na ce mutum goma sha ɗaya, da sanduna a gicciye. Sai ya saki dariya har wawulonsa ya bayyana. Ya ce, "Duba ƙarshen sahun gaba ta dama, akwai wani kyakkyawa da katifu a ƙafa?" Na ce akwai. Ya ce, "To ka gaishe shi, Kawunka ne, lokacin haƙoransa talatin da biyu."

Tun muna yara an ce mana daga keke ya faɗo. Ashe ƙwallon hoki ce, a wasansu da sojoji. Shi ne mai tsaron raga, kuma kayan kariyarsa duka katifun ƙwauri ne da na ƙafa. Ƙwallon lokacin ta fata ce mai tauri kamar dutse, ana shafa mata farin fenti. Na nuna masa labarin Plante, ya ce, "Wannan ya fi ni wayo."

Muka yi yarjejeniya: ni in siffanta mutum, shi ya faɗi suna, in rubuta. Na fara daga hagu. Dogo mai kunne a buɗe, ya ce malamin firamare ne, Banufe. Gajere mai tsaga a kumatu, Bayarabe ne tela a kasuwar Sabon Gari. Na kusa da shi direban jirgi ne daga baya. Haka muka bi su. Huɗu mutanen Gabas ne, biyu Yarabawa, ɗaya Banufe, ɗaya daga kudancin lardin Zazzau, uku Hausawa. Yawancinsu ma'aikatan Reluwe ne, domin jirgi ne ya haifi Sabon Gari: tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka kuma ja reshe zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, garin ya zama mahaɗa, kowace ƙabila ta zo neman abinci. Ya tuna suna goma. Ɗaya, wani mai faɗin goshi a sahun baya, ya yi ta juya shi a baki, ya ƙi zuwa. Ya ce, "Ya tafi ke nan. Ni ne na ƙarshe da ya san shi."

Ya ba ni labarin wasan da daɗi. Filinsu jar ƙasa ce, su suke share tsakuwa da kansu, su ja layi da toka. Wani malami Ba'indiye ne ya gyara musu riƙon sanda, domin a zamanin Indiya da Pakistan ne sarakunan wasan a duniya: Pakistan ta ci Indiya a wasan ƙarshe na Olamfik a 1960, Indiya ta rama a 1964. Da gefen sanda mai shafe kaɗai ake taɓa ƙwallo, kuma ba a cin raga sai daga cikin da'ira. Wajen fara wasa, mutum biyu ne za su tsaya fuska da fuska, su buga ƙasa su buga sandar juna sau uku, sannan a kafsa. Idan suna da wasa da ɗaliban Samaru, jami'ar ma ba ta fi shekara uku da buɗewa ba, sai su ɗaure sanduna a jikin keke, su goya juna tun daga Sabon Gari. In sun ci, a dawo ana waƙa. In an ci su, kowa ya ce iska ce.

Sai na ce, "Kawu, saura na tsakiya mai riƙe da ƙwallo, wanda Baba ya ɗora wa hannu." Ya yi shiru. Na kwance tsumman na saka masa katakon a tafin hannu. Ya shafa shi, yatsansa ya tsaya a kan wasu haruffa biyu da aka ƙona da ƙarfe a jiki, waɗanda ni ban ma lura da su ba. Ya ce, "Ashe bai yar ba."

Kyaftin ɗinsu ne, Inyamiri, akawu a rumbun kaya na tasha. A Zariya aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ya koya wa Baba wasan, shi ya koya masa cike takardar neman ƙarin girma. Ba a cika shekara da ɗaukar hoton ba ƙasa ta rikice. Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, a watan Mayu aka yi tarzoma, a ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki na biyu, sannan a ƙarshen Satumba abin ya kai inda ya kai. Kawu ya ce ba ya son tuna abin da idonsa ya gani a layukan Sabon Gari a kwanakin nan, kuma namu da ke zaune a Gabas su ma sun dawo da nasu labarin mai ɗaci.

Baba yana gwauro a lokacin, ɗaki ɗaya gare shi. Ya shigar da kyaftin da matarsa da 'ya'yansu biyu ƙanana, ya datse ƙofar da kwaɗo ta waje kamar babu kowa, ya koma kwana wurin Kawu. Kwana biyu Kawu yana kai musu abinci da ruwa a cikin akwatin kayan aiki. A dare na uku suka saka masa babbar riga da hula, matar ta yi lulluɓi, suka bi da su ta bayan Loko inda suka san kowace kafa, har cikin jirgin da zai bi ta Kaduna da Kafanchan da Makurɗi zuwa Inugu. Babu wurin kaya. Sandarsa ce kawai ya fito da ita daga gidansa ranar da ya gudo, don kare kai. A bakin tarago ya miƙa wa Baba, ya ce ya riƙe masa, in ƙura ta lafa zai dawo ya karɓa.

Wasiƙa ɗaya ta zo daga Inugu a farkon 1967. A watan Yuli yaƙi ya ɓarke. Da aka gama a Janairun 1970, ɗaya daga cikin huɗun ya dawo ya buɗe shagon kayan keke, ya ce rabonsa da kyaftin tun farkon yaƙi. Kawu ya ce Baba ya yi shekaru in jirgin Gabas ya shigo sai ya sami dalilin tsayawa a bakin dandamali. Ƙungiyar ba ta sake haɗuwa ba. Baba bai sake riƙe sandar hoki da niyyar wasa ba, sai dai ya shafa wa waccan mai ya jingine.

Amanar da na sa wa zarto ke nan saboda gare-gare.

Na daɗe ban ce komai ba. Kawu ya ce, "Kada ka ɗora wa kanka, yaro ne kai. Da ya so ka sani da ya faɗa maka." Na ce, "Amma Kawu, zamaninku ya fi namu. Ku duba yadda kuke a hoton nan, kowace ƙabila, kafaɗa da kafaɗa." Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Kada hoto ya ruɗe ka. Cikin mu bakwai ɗin da muka rage, akwai wanda aka gani da idanu yana fitar da keken ɗinki daga gidan mutanen da muka ci abinci a gidansu. Yana cikin hoton nan, yana murmushi kamar kowa." Na ce wanne ne? Ya ce, "Ya mutu, ya bar 'ya'ya da jikoki a garin nan. Allah Ya san shi. Kai ba ka buƙata."

Tun daga ranar na kalli fuskokin nan ya fi sau ɗari. Ban gano shi ba. Duk samari ne masu kyau, rana tana dukan goshinsu, babu wanda ya san abin da shekara mai zuwa za ta tambaye shi.

Na ba Auta labarin, shi ma ya ce ai hotunan dattijon ofishinsu haka suke in ka bi bayansu. Zamanin da yake kuka a kai, shi ne zamanin da Ted Lindsay na Detroit ya yi yunƙurin kafa wa 'yan wasa ƙungiyar kare haƙƙinsu a 1957, aka saka masa da sayar da shi ga Chicago. Sai ranar 18 ga Janairu 1958 baƙar fata na farko, Willie O'Ree, ya samu shiga gasar, yana ɓoye cewa idonsa na dama ba ya gani, yana shan zagi a filaye. Kawunan nan marasa hula da suke ba hoto kyau, a Janairun 1968 Bill Masterton ya faɗi kansa ya bugi ƙanƙara ya mutu, kuma sai 1979 aka wajabta hular kwano ga sababbin 'yan wasa. Mai hoto yana ɗaukar abin da ke gaban na'urarsa na daƙiƙa guda ne, sauran sai a bakin waɗanda suka rayu a ciki. Duk da haka ban ga laifin dattijon ba. Ina jin ba ƙungiyoyi shida yake kewa ba, mahaifinsa yake kewa, wanda yake riƙe masa hannu zuwa kallo. Tsohon ɗakin wasan nasu ma, Maple Leaf Gardens, da aka buɗe a 1931, Auta ya ce yanzu akwai kantin kayan masarufi a ƙasansa.

Namu filin ma na je nema. Kawu ya kwatanta min, na bi kwatancen har na tsaya a inda ya kamata raga ta kasance. Shaguna ne a jere, da mai faci, da mai sayar da katin waya. Na tambayi matasan wurin ko sun san an taɓa yin hoki a nan, ɗaya ya ce, "Baba, wane ne Hoki?" Ban yi mamaki ba. Tun da aka mayar da wasan kan shimfiɗar roba a Olamfik ta 1976, a Montreal ɗin dai, ya zama wasan masu kuɗi, filin jar ƙasa da layin toka suka daina kai yaro ko'ina. Ita kanta Indiya, bayan zinarenta na 1980, sai da ta yi shekara 41 kafin ta sake samun lambar yabo. A Kaduna akwai sauran masu riƙe da wasan, irin su Kada Stars da Kada Queens, Allah Ya ƙara musu ƙarfi. Amma a makarantar da nake koyarwa, sandunan da na tarar a sito gara ta gama da su tun kafin in zama babban malami.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Na kai hoton an yi masa sikanin a Samaru, na wanke guda goma sha biyu. A bayan kowanne na rubuta sunaye goma da fensir, da aikin kowa, na bar gurbi ɗaya. Na asalin na saka shi a ambulan mai kauri na ɗaga shi sama da ƙasa, ban yarda an manne shi da leda ba, domin zafin injin yana lalata tsohon hoto kuma ba a iya ɓarewa. Na kai wa Kawu ɗaya, ya sa a ƙarƙashin matashinsa duk da ba ya gani. Iyalan mutum uku na samu a nan Zariya. Wata baiwar Allah, jikar telan nan, ta ce ba su da hoton kakansu ko ɗaya sai wannan.

Roƙona biyu ne gare ku. Na farko, duk mai tsohon hoto a gida kuma yana da tsoho mai rai, kada ya jira yoyon rufi. Ya ɗauka yau ya je ya zauna a gabansa da fensir. Ni na yi shekara talatin da shida ina gaishe da Baba safe da yamma, tambaya ɗaya ta gagare ni.

Na biyu, ina neman 'ya'yan kyaftin. A 1966 namiji yana da kamar shekara huɗu, macen tana goye. In suna raye yanzu sun ba sittin baya ko suna dab da ita. Sunan mahaifinsu da na garinsu suna wurina, ban rubuta a nan ba saboda ba ni da izinin iyalinsa. Wanda yake da dangi ko abokan kasuwanci a Inugu ko Anaca ko Aba, ko ya san wani dattijo da aka haifa a Sabon Garin Zariya wanda mahaifinsa akawun Reluwe ne mai wasan hoki, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo. Sandar ba ta cika ba, kuma zan gaya musu da bakina wanda ya rage ta. Amma abin da ya saura nasu ne, yana nan a cikin tsummansa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba Kawu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.